Gashi Bai San Agogo Ba

Mutum saba'in ne ke aiki a jirgin nan mai ratsa sararin samaniya, kuma babu kan da bai bi ta hannun mai aski ba. Almakashi suke ce masa. Shagonsa wani ɗan lungu ne tsakanin ɗakin wanki da ɗakin cin abinci. Kujera ɗaya ce, da madubi, sai injin zuƙe gashi, don a jirgi in ka bar gashi ya watse, gobe a miya za ka tsince shi.

Bai yi boko mai zurfi ba. Da almakashin nan ya riƙe ƙanensa, autan gidansu, har ya gama karatu ya zama babban injiniyan jirgin, shi kuma autan ya samo masa wannan aiki. Ranar tashi tsohuwarsu, Inna, ta riƙe wa Almakashi hannu ta ce, "Shekara biyar ka ce ko? To zan jira ka. In ka ƙara kwana ɗaya, babu ruwana." Kowa ya yi dariya. Tun daga ranar, duk mako sai ya naɗa mata saƙon murya. Ko da aka ce na'urar saƙo ta lalace, nasu na tafiya amma na gida ba ya isowa, bai fasa ba.

A shekara ta uku wani ciwo ya fara sanɗa. Ba zazzaɓi, ba tari. Mutum na tsakiyar aiki sai barci ya sace shi a tsaye. Mai girki ta zuba gishiri sau biyu ta zauna tana kuka. Yunwa ta riƙa zuwa tun lokacin abinci bai yi ba, hannuwa na rawa, abokai na faɗa a kan cokali. Likita ta ɗebi jini har ta gaji, ta auna iska, ta auna ruwa, ba ta ga komai ba. Ƙarshe aka ce kewar gida ce, a yi haƙuri.

Shi dai Almakashi bai san jini ba, amma ya san kai. Mai wanki, wanda tun tashinsu sai bayan mako biyu yake zuwa, ya koma zuwa duk kwana goma, ƙeya ta cika. Mai gyaran famfo ma haka. Da farko har tsiya yake musu, yana cewa, "Ku taki kuke shafawa ne?" Da abin ya game kowa, sai ya fara zana layi a bayan madubi, kowane kai da nasa. Ya kai wa likita labari. Ta ce, "Malam, ka tsaya kan askinka." Ya koma shagonsa. Shekara talatin yana sana'ar nan, bai taɓa ganin ciwon da ke sa gashin mutum saba'in sauri tare ba.

Ranar da kalanda ta nuna saura wata shida su cika biyar, autan ya zo aski. Yayan ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa, ya ɗauko aska.

"Auta, wa ke kula da agogon jirgin nan?"

"Ni ne, Yaya. Me ya faru?"

"Gashi bai san agogo ba. Kwana goman nan naku mako biyu ne. Faɗa mini gaskiya."

Autan ya dubi madubi ya ce, "Inji ɗaya ya mutu tun ƙarshen shekarar farko, gudu ya ragu. Kyaftin ya ce in mutane suka ji tafiya ta ƙaru, za su karaya. Sai na riƙa rage wa agogo sauri kaɗan-kaɗan. Yanzu kwananmu ɗaya awa talatin da biyu ne."

Ashe ga ciwon nan. An ja wa mutane yini kamar roba, jiki na cewa na gaji, agogo na ƙaryata shi, har suka fara zargin hankalinsu.

"Yau shekararmu nawa?"

"Biyar da wata bakwai."

"Na'urar saƙon fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Kwanan wata ne a jikin saƙonnin, shi ya sa muka riƙe su."

Askar na kan maƙogwaron autan, hannun yayan kuwa ko gezau, sana'a ta riga ta bi jiki. Da bare ne ya yi masa haka, da sauƙi. Wannan kan shi ya fara aske shi tun yana rarrafe.

"Inna fa?"

Hawaye ya ratsa kumfar ya gangaro. "Wata uku ke nan da rasuwarta, Yaya."

Saƙo goma ke nan, ko fiye, ya zauna yana ce mata ta ƙara haƙuri, saura kaɗan. Kuma autan ne ke karɓa da hannunsa, ya ce masa saƙon ya tafi.

"Ta cika biyar ɗin?"

"Ta cika. Har ta ƙara wata huɗu."

Almakashi ya ƙarasa askin tsaf, bai bar ko ƙwarzane ba. Ya goge masa fuska, ya kwance ƙyallen ya kakkaɓe.

"Tashi, Injiniya," ya ce. "Akwai masu jira."