Ƙullutun da Inna Ta Ɓoye Mini

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Wai ba kowa a gidan nan ne?" Haka iyayenta masu shanu suke yi wa 'ya'yan fari, haka ta yi mini. Abin bai taɓa yi mini ciwo ba sai bara.

Awon masu ciki nake yi a wani ƙaramin asibiti a Birnin Kudu. Ranar awo nakan tsaya gaban mata in ɗaga hannu, in nuna musu yadda ake lalube mama da yatsu har zuwa hammata. Nakan ce musu kada su raina ƙullutu don ba ya ciwo. Na faɗa har bakina ya gaji. Matan Kangire da Kiyako sun ji, uwata da ke bayan Basirka ba ta ji ba.

Da kaka na je gida na kwashi wankinta. A riguna uku na ga tabo wuri ɗaya, daidai maman hagu, ruwa-ruwa da jini. Na fito da riga ɗaya a hannu, na tarar tana zaune tana tsintar wake. Ni da nake titsiye matan mutane da tambaya, na kasa tambayar uwata. Sai na je na kira Goggo, ƙanwar Baba, muka zauna mu uku a tabarma ɗaya.

Na ce, "Goggo, tambaye ta tun yaushe."

Inna ta dubi wakenta ta ce, "Ki ce mata tun daminar waccan. Ai ba ya ciwo."

"Goggo, me ya hana ta faɗa?"

"Ki ce mata na nuna wa ungozoma, ta ba ni sassaƙe."

Goggo dai sai juya kai take tsakaninmu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi faɗa.

Washegari muka hau babur zuwa bakin titi, muka shiga mota sai babban asibiti. Likitar mace ce, amma Inna ta riƙe mayafinta ta ƙi buɗewa sai na fita. Na tsaya a baranda kamar baƙuwa. Aka yi mata hoto, aka sa allura aka ciro 'yar tsoka aka aika Kano.

Da sakamakon ya dawo, likitar ta zaunar da mu. Ta ce sankarar mama iri-iri ce. Akwai wadda ke zaune a hanyar ruwan nono ba ta fita ba, akwai wadda ta fasa ta bazu. Ta Inna ta fasa, ta kama hammata, har ana zargin ƙashin baya. Na san ma'anar kowace kalma, sanin bai amfane ni da komai ba.

Sai likitar ta tambaya, "Hajiya, a danginku akwai wadda ta taɓa irin wannan?"

Inna ta ce uwarta da yayarta duk ciwon ƙirji ne ajalinsu, kuma yayar ko furfura ba ta yi ba. Ban taɓa jin wannan ba. Likitar ta ce wani lokaci yakan bi jini, daga uwa zuwa 'ya.

Inna ta gyara zama. Ba ta tambayi maganinta ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta nuna inda nake da haɓa ta ce, "To likita, bar nawa tukuna. Waccan, a duba ta yau."

Na ce ina da aiki, zan dawo. Wata biyar ke nan ban koma ba. Kullum ina ɗaga hannu a gaban mata, amma in na shiga wanka ba na iya kai yatsuna wurin.