Tsakuwa Arba'in a Tankin Mai

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, tsohuwar a-kori-kurarsa ta shekara biyu a ƙofar gidanmu a Talata Mafara, har kaji suka fara ƙwai a bayanta. Da ita ya yi ta jigilar albasa da gero tsakanin Bakura da Maradun tun muna yara. Tana da wata ƙara daga ƙarƙashi, ƙwal-ƙwal, wadda bakanikai suka kasa gano tushenta. Da wannan ƙarar muke gane Baba ya dawo.

Wata Juma'a yayana ya ce ya gaji da ganinta, ran Talata 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo su yanka ta. Mahaifiyata ta tashi ta shige ɗaki. Abin ya ƙona mini rai. Na ce, "Yaya, in ta tashi kahin Talata hwa?" Ya yi dariya ya ce, "Kai da ko sarƙar keke ba ka iya maidawa? In ta tashi, a bar ta."

Gaskiyarsa, ni malamin makaranta ne, alli na sani. Amma na riga na furta.

Na ɗauko wani tsohon bakanike, abokin Baba. Ya sa batir, ta yi tari ta mutu. Ya buɗe murfin tanki ya sunsuna, ya kau da kai. "Injin lahiya lau shike, ɗana. Tankin ga ad da ciwo, man ciki ya daskare, ga tsatsa. Ka kwance shi, ka zuba tsakuwar gulbi da kananzir, ka yi ta girgiza. Amma ka ƙirga su kahin ka zuba, ka ƙirga in ka hiddo."

Ni da wani abokina muka kwance tankin, muka rataye shi da igiya a reshen darbejiya. Na ƙirga tsakuwa arba'in cif na zuba. Yana turo mini, ina tura masa, tun hantsi har la'asar. Abin da ya fito baƙi ne, mai kauri kamar kunun da ya kwana. Muka sake zubi, muka sake. Hannuna ya sale, matata kuwa ta ce in ci tuwona a zaure saboda wari. Sai ran Litinin kananzir ya fito garau.

Na zazzage tsakuwa na ƙirga, arba'in. Na ɗaga tankin, sai na ji ƙwal. Abokina ya ce, "Don Allah malam ƙyale, kai ka yi kuskuren ƙirga." Na ce ɗan aji ɗaya ma ya iya arba'in, kuma wallahi ba zan ɗaura shi da komai a ciki ba. Na lanƙwasa waya na yi ta zungura ina juya tankin, har wata tsakuwa ta faɗo, baƙa wuluk, sumul kamar ƙwallon dabino. Na jefa ta aljihu.

Muka shanya tankin, muka ɗaura. Safiyar Talata, murɗawa ta uku ta kama. 'Yan gwangwan suka zo suka tarar da ita tana hayaƙi, suka juya.

Ranar na ɗauki mahaifiyata zuwa Birnin Tudu wajen ƙanwarta, ina ta hura hanci ina jiran yabo. Can ta ce, "Wagga ba motar babanku ba ce. Ina ƙarar?"

Sai a lokacin na lura babu ƙwal-ƙwal. Na tsaya gefen hanya na miƙa mata tsakuwar. Ta daɗe tana juya ta a tafin hannu. "Shekarar da aka haihe ka ya wanke tankin ga. Ya ce guda ta ɓace mai, ni ko na ce bai iya ƙirga ba. Ashe shi ad da gaskiya." Ta share ido da gefen mayafi.

Na karɓi tsakuwar na fita, na buɗe murfin tankin da na kwana uku ina wankewa, na jefa ta ciki.

Bakaniken ya yi mini faɗa sosai da ya ji, kuma na san da gaskiyarsa. Na koyi wankin tanki, na kuma koyi tambayar Inna kafin in gyara abin da Baba ya bari. Yanzu Inna ba ta da rai, motar ma kasuwar Talata kawai take zuwa. Amma duk ranar da na shawo kwanar gidanmu, yarana kan ruga ƙofa tun ban tsaya ba, suna cewa Baba ya dawo.