Zabin da na riƙa binnewa a bayan gida

Shekarun baya, lokacin muna tsohon gidanmu na Matameye, na yi maƙwabtaka da wani magini, Kirista ɗan Katolika. Daga ƙasar Benin ya zo yana saurayi, ginin lakwal, wato makarantar boko, ya kawo shi. Aka gama ginin, shi kuma bai koma ba. Nan ya ajiye matarsa, nan aka haifa masa ƴaƴa biyar. Duk unguwa Maso ake ce masa, da sunan sana'arsa, ni ma haka nake kiransa. Ranar Lahadi, in da hali, ya kwashi iyalinsa su tafi majami'a a Damagaram. In babu, su shiga ɗaki su yi waƙoƙinsu.

Bayan gini, babu abin da yake so kamar daji. Yana da tsohuwar bindiga da wani jan kare mai kunne ɗaya. Ranar Asabar da sassafe ya nufi wajen Kurni, ya dawo da zabon daji ko zomo ko fakara. Duk abin da ya samo, sai ya kawo mana rabonmu, ya ɗaure ƙafafun da zaren da yake awon gini da shi.

Ni kuwa abin da na karanta a gaban malamaina shi ne, dabbar da wanda ba Musulmi ba ya harbe, ta mutu ba a yanka ba, ba ma cinta. Amma gaya masa ya yi mini nauyi. Mutumin da ya tayar mana da katanga bayan damina ta rushe ta, ya ƙi karɓar komai, shi zan mayar wa kyautarsa? Sai na samo dabara, a lokacin har ina ganin hikima ce. In karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in ya juya in zaga bayan gida in binne a gindin wani ɗan dogon yaro da na dasa. In ya ce, "Malam, yaya zabon jiya?" sai in ce, "Allah ya saka da alheri," don kada in yi ƙarya ƙarara.

Matata ta sha ce mini, "Malam, ka faɗa wa bawan Allahn nan gaskiya. Bishiyar nan ta fi mu cin nama."

Haka aka yi shekara biyu. Wata Asabar ya samo zabi biyu kacal, ya ba mu babban. Da la'asar muna zaune a ƙofar gida, ina kan tabarma ina kwafar wata waƙar wa'azi da ajami, shi yana goge bindigarsa. Sai ga jan karen nan ya ɓullo ta bayan katanga da zabo a baki, duk ƙasa, zaren yana nan a ƙafafunsa. Ya ajiye a gaban ubangidansa yana kaɗa wutsiya.

Maso ya dubi zabon, ya dubi zaren, ya dube ni. Ni kuma na ƙura wa takardata ido kamar ban taɓa ganin rubutuna ba.

Ya ce, "Malam, ga alama karena ya yi farauta a gidanka."

Babu wurin ɓuya, na faɗa masa komai.

"Tun yaushe?"

"Tun na farko."

Ya jingine bindigar a bango. Can ya ce, "Shekara biyu ina rage wa yarana nama, ashe bishiya nake ciyarwa. Da ka faɗa mini, ai ni ma ina da abin da addinina ya hana ni." Ya ɗauki zabon ya shige gida.

Mako guda bai fito hira ba, gaisuwa ma daga nesa. Na tabbata na yi asarar maƙwabci. Ranar Alhamis na cire kunya na je ba shi haƙuri, matarsa ta ce ya tafi daji, kwana uku ke nan yana tafiya bayan aiki. Na hango bindigar a rataye a bango, ban gane ba.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Na fito, ga Maso da zabo mai rai a hammata, hannayensa duk karce, ga sabuwar wuƙa daga maƙera. Ashe wajen wani tsohon maharbi ya je, ya koyi ɗana tarko.

Ya ce, "Da bindiga, ƙiftawar ido ne. Wannan kwana biyar ya ci mini. Yanka, Malam, ina kallo. Kuma yau a gabana za ka ci, ban yarda da kai ba."

Na fuskanci alƙibla, ya cire hularsa ya riƙe mini fukafukai, na yi bisimilla na yanka. Da aka dafa ya zauna yana kallona har na tsotse ƙashi.

Daga ranar, bindiga ta gidansa ce, tarko namu. Wuƙar tana rataye a ƙusarta daban a gidansa, ba a taɓa komai da ita, yaransa ma wuƙar Malam suke ce mata. Haka muka yi har ƙafa ta hana shi shiga daji.

Da ya rasu, mu maƙwabta muka raka gawarsa Damagaram. Suka yi addu'o'insu, na tsaya daga gefe har aka rufe shi. Bayan kwanaki matarsa ta kawo mini wuƙar, an naɗe ƙotar da zaren gini.

Har yau ina nan a kan abin da na karanta, ba mu ci ba kuma da gaskiyarmu. Kuskurena shi ne na ɗauka ba zai iya ɗaukar gaskiya ba, alhali ya fi ni ƙarfinta. Ni na ɓoye masa addinina don kunya, shi ya kwana biyar cikin ƙaya don in riƙe addinin nawa.

Dogon yaron yana nan, duk layin babu mai girmansa. In mun wuce, matata takan ce, "Ga wanda ya ci rabonmu." Wuƙar kuwa da ita nake yanka har gobe.