Murhun Usta Sedrak

Shekara sittin da takwas Usta Sedrak ya yi a duniya, hamsin da biyar daga ciki a bakin wuta. Yana ɗan shekara goma sha uku ubansa ya kai shi maƙerar Usta Hmayak, wato Gwani Hmayak, a tsohuwar unguwar garin Gyumri, rana ɗaya da wani mai manyan kunnuwa da ake kira Onik. Tare suka ja zugazugi, tare suka sha rankwashi. Sedrak ke da hannu, Onik ke da baki. Maigidansu kan ce da za a narka su a haɗa mutum guda, da garin ya samu maƙeri.

Da ƙasa ta girgiza a hunturun 1988, Sedrak ya rasa gida da maƙera da ƙanwarsa. Shi da matarsa Hranush suka koma cikin kwantenar ƙarfe kamar dubban mutanen garin, sanyi yana shigo musu ta ko'ina. Onik ya bi jirgin ƙasa zuwa Rasha neman aiki. Sedrak ya tsaya, ya dinga yanka tsofaffin gangunan mai yana yin murhu: ƙafa huɗu, 'yar ƙofa, bututun hayaƙi. Ya kusa shekara ashirin yana wannan aiki, kuma bai taɓa ɗaukarsa ƙira ba. A wurinsa ƙira ita ce ƙofar gida mai ganyen inabi da ake lanƙwasawa da guduma, ganye bayan ganye.

Onik ya dawo da tumbi da gashin baki mai murɗe, daidai lokacin da baƙi suka fara cika garin da kyamarori. Ya buɗe shago kusa da dandali yana ƙera musu furen ƙarfe da 'ya'yan rumman, yana cika su da labari. Sedrak kan wuce ta gaban shagon ya kau da kai kamar ya ga mushe.

Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ranar da wani ƙaramin gidan tarihi na unguwar ya buɗe ɗaki na musamman don maƙeran gari. Hranush ce ta kawo labarin daga kasuwa, tana ajiye burodin lavash a kan tebur.

"An sa ƙofar Onik a ciki. Har da hotonsa, ƙato, ya riƙe guduma."

"Ya riƙe ta daidai kuwa?"

"Sedrak nawa, ni dai na faɗa maka abin da na ji."

"Wa ya tambaye ki? Ni ina ruwana da gidan da ake ajiye kayan matattu?"

Washegari da hantsi ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya sayi tikiti. Ga ƙofar nan a jikin taga, rana tana dukanta, inabi gungu-gungu. Wasu 'yan mata baƙi suna layi don ɗaukar hoto a gabanta. Ƙofar ta yi kyau, kuma Sedrak ya san ta yi kyau. Ya zagaya bayanta, ya durƙusa, yana shafawa da yatsa, har ya samu abin da ya zo nema: ɗigon walda guda uku, an goge an shafe da baƙin fenti.

Bai tsaya ko'ina ba sai ofishin shugabar gidan, wata mata mai tabarau da ake kira Zaruhi.

"'Yata, abin da kuka rataya can ba aikin maƙeri ba ne. Walda ce! Da Usta Hmayak yana raye da ya jefe shi da awartaki."

"Mun gani, Usta. Hannun Onik ya fara rawa, shi ya faɗa mana da bakinsa. To kai me ka kawo mana?"

Wannan tambaya ta hana shi sakat. Wata huɗu ya yi a maƙera yana ƙera alkukin kyandir mai rassa goma sha biyu, babu walda ko ɗigo, kowane reshe da tsuntsu a kai. Kafaɗa ta riƙe, Hranush tana shafa masa man zafi tana mita.

"Da tsufanka kake gasa da mai kunnuwan jaki? In ka faɗi a bakin wutar nan Onik ne zai zo ya ɗauke ka?"

"Zai zo, don a ɗauke shi hoto."

Ya kai alkukin a amalanke, lulluɓe da bargo. Zaruhi ta zagaya shi, ta yaba ƙwarai, ta ce ɗakin ya cika amma za a duba. Sai ta ɗauko takarda don rubuta sunansa. Da ya faɗa, ta ajiye biro, ta cire tabarau.

"Kai ne Sedrak mai murhu? Na layin tashar jirgi?"

Ya haɗe rai. "An taɓa kirana haka."

"A kwantena aka haife ni, Usta. A kan murhunka uwata ta dafa ruwan wankana. Muna shirya ɗaki a kan shekarun bayan girgiza, mun nemi murhunka ko guda mun rasa, duk an sayar wa masu gwangwan. Kana da saura?"

Ran Sedrak ya ɓaci fiye da ranar da ya ga ƙofar. Wato Onik a sa masa inabi a bakin taga, shi kuma a nuna wa duniya gangar mai da ya huda? Ya ce ba shi da shi, ya mayar da alkukinsa amalanke, ya turo abinsa gida.

Amma akwai guda a rumfar bayan gida, wanda su da kansu suka yi hunturu goma sha ɗaya a gindinsa. Ranar da ya tafi jana'izar wani maƙwabci, Hranush ta kira mai tasi ta kai murhun gidan tarihin. Da ya dawo ya yi faɗa har tsoffin da ke buga dara a tsakar gida suka ɗaga kai.

"Nawa ne," in ji ta. "Ni na hura shi, ni na kwashe tokarsa. Kai dai ka ƙera."

Sati uku ba ya bin ko layin gidan tarihin. A na huɗu ya je, wai zai ga yadda aka wulaƙanta shi. An ajiye murhun a ɗaki na ƙarshe, mara taga, da buta a kai da kujera a gefe. Sunansa yana jikin wani ɗan kati da bai kai tafin hannu ba, babu hoto. Ya koma ɗakin maƙera ya auna katin Onik da yatsunsa: ya fi nasa da yatsa biyu.

Ya tsaya a lungu yana kallon masu shigowa. Baƙi na waje sukan leƙa su wuce. 'Yan gari kuwa sai su tsaya. Wata mata ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen mai sanyi, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Wani dattijo ya zauna a kujerar ya rufe fuska da hula. Sedrak ya ga duk wannan, amma kunnensa yana can ɗakin gaba, inda kyamarori ke ta ƙyas-ƙyas.

Ana nan sai ga Onik da sandarsa, yana haki. Rabon da su yi magana an fi shekara goma. Ya tsaya gaban murhun, ya buɗe 'yar ƙofar, ya rufe.

"Irin wannan ka kai wa tsohuwata lokacin ina Rasha," in ji shi, bai juyo ba. "Ta rubuto mini. Ta ce ko sisi ka ƙi karɓa."

"Ban tuna ba."

"Ƙofar murhun nan ta karkace."

"Amma babu walda."

Onik ya yi tsaki. Ya dubi dattijon da ke kuka a kujera, ya dubi Sedrak.

"Wata bakwai ƙofata tana nan, ɗan'uwa. Ba wanda ya taɓa zama a gabanta. Su yi murmushi, ƙyas, su tafi cin gasasshen nama. Kai ka huda ganga, ga shi mutane suna zubar maka da hawaye."

"Mu yi musaya mana. Ka ba ni tagar."

"Ko a mafarki."

Suka fito tare, ba don sun shirya ba, sai don ƙofar fita ɗaya ce. A bakin titi Onik ya ce akwai mai gahawa a kwana, Sedrak ya ce gahawar can ruwa ce zalla, amma ya bi shi. Da bazara ta shigo Zaruhi ta aiko a ɗauki hoton Sedrak don a rataya. Ya je aski, ya sa kwat, kuma kafin ya zauna sai da ya sa mai hoton ya rantse cewa ba zai yi ƙasa da na Onik ko da yatsa ɗaya ba.