Fure a Kan Allon Jan Ƙarfe

Tun da na faɗi a kan babur a hanyar Rogo hannuna na dama ya fara rawa. Ni kuwa da hannun nan nake ci. Fitilun sola nake haɗawa a Ƙaraye, kuma ni nake yin allon da ake jera kayan lantarkin a kai. Nakan zana hanyoyin wuta da jan farce a kan allon jan ƙarfe, in tsoma shi a ruwan magani ya cinye duk inda ban shafa ba. Idan layi biyu suka haɗu, allo ya tashi aiki. A sati guda na ɓata bakwai, har na fara tunanin rufe shago.

Ƙanwata zanen lalle take yi wa amare a Unguwar Hajji. Na daɗe ina tsokanarta cewa sana'ar da sabulu ke wankewa ba sana'a ba ce. Ran nan ta kawo mini kunu, ta tarar na haɗa kai da gwiwa. Ta ɗaga allo ɗaya ta duba.

"Yaya, wannan ne yake hana ka cin abinci? Nuna mini inda kowane layi zai bi."

Girman kai ya so ya hana ni, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ba ta takardar zanen. Ta zuba jan farcen a ledar da take matsa lalle, ta ja layuka sirara kamar zare, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar yawa.

Da na ciro allon daga ruwan magani na wanke jan farcen da fetur da tsohon buroshi, sai ga ɗan fure a kusurwa, ta zana shi ban sani ba. Na ɗauko wuƙa zan kankare, sai na fasa. Dalmar liƙa kayan lantarkin dai har yau ni nake sawa, ina tokare hannun da bulo.

Wani makiyayi daga ƙauyen Turawa ya zo karɓar fitilarsa, ya leƙa ciki ya ga aikin.

"Malam, ashe hannu ya warke. Barka."

"Bai warke ba," na ce masa. "Na ƙanwata ne." Na nuna masa furen.