Ranar da Aka Kawo Wuta a Romi

Na gama jami'a a shekarun da sojoji suka koma bariki, wayar salula ta fara shiga aljihun talaka, masaƙun Kakuri kuma suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ilimin kwamfuta na karanta. Bayan hidimar ƙasa na dawo gidan mahaifina a Makera, cikin garin Kaduna, ina jiran takardar ɗaukar aiki, kafin ta zo kuwa ina gyara wa mutanen unguwa kwamfutocinsu.

A wannan zaman jira ne Baba mai hoto ya aiko a kira ni. Mutumin kudancin Kaduna ne, sun yi aiki tare da mahaifina a sashen rini na masaƙa. Da aka sallame su, mahaifina ya koma sayar da yadi, shi kuma ya mayar da ɗaukar hoton da yake yi ranar Lahadi sana'ar kullum, ya kama shago a Romi. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Mama, ita ke zama a teburin gaba tana karɓar masu zuwa, har Allah ya yi mata rasuwa. 'Ya ɗaya suka haifa, ma'aikaciyar jinya, wadda a lokacin ake shirin aurenta.

Na same shi zaune gaban wani ɗan akwati mai ruwan toka, girmansa bai wuce na ƙamus ba. Wani ɗan'uwansa ya sayo masa shi na hannu daga Legas. A cikinsa akwai faifan ajiya, a bayansa kuma waya ta haɗa shi da kwamfutocin shagon, duk hoton da aka ɗauka can yake zuwa ya kwanta. Fitilarsa tana ƙiftawa kamar yadda ta saba, amma kwamfutocin sun daina ganinsa.

"Malam Injiniya," in ji Baba, "abokinka ya yi yaji. Ka lallashe shi ya dawo ɗakinsa."

Na yi murmushi, na tambaye shi ko akwai aikin mutane a ciki. Ya ce na mutane duk ya riga ya wanke ya ba su. Sai 'yarsa da ke tsaye a bakin ƙofa ta ƙarasa maganar. Hotunan Mama na takarda sun ƙone tare da gidan hayarsu a shekarar da gari ya rikice, kowa ya tattara ya koma gefen kogin Kaduna da ya fi amincewa da shi. Fina-finan kyamara da aka ɗauke su a kai sun tsira domin suna shago. Bayan rasuwarta Baba ya bi su ɗaya ɗaya da na'urar kwafe hoto, ya zuba a akwatin. Damina ta gaba rufin ya yi yoyo a kan kwalin fina-finan, suka manne da juna, suka yi funfuna.

"Guda ɗaya kawai nake so, Yaya," ta ce mini. "Wanda ta sa koren leshi. Zan sa shi a takardar biki, in kuma ajiye babba a kan teburinmu."

Na fara da hanya mafi sauƙi. Na kwance akwatin, na ciro faifan, na haɗa shi da kwamfutar tafi-da-gidanka da na aro wurin wani abokina. Kwamfutar ta ga faifan, ta kasa karanta shi, domin kamfanin da ya ƙera akwatin ya tsara ajiyar da wani salo nasa na kansa, wanda sai akwatin ne ya san kansa. Har ta yi mini tayin ta share shi ta gyara mini. Na zare wayar da sauri, na mayar da faifan mazauninsa.

Daga nan na koma zaman kafen intanet a Barnawa, inda shafi ɗaya kan ɗauki tsawon cin tuwo kafin ya buɗe. A can na tarar da wani dandali na mutanen wasu ƙasashe masu sha'awar farke irin waɗannan akwatuna. Sun gano cewa a kan allon cikinsa akwai 'yan ramuka huɗu, in aka liƙa musu waya aka kai kwamfuta, za a ga abin da akwatin ke faɗa wa kansa yayin tashi. Na sayi tsohuwar wayar haɗa salula da kwamfuta, na yanke kanta, wani mai gyaran rediyo a kasuwar Kakuri ya liƙa mini ita da dalma yana tambayata ko bam nake haɗawa.

Da na kunna akwatin, rubutu ya fara gangarowa a fuskar kwamfutata. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba a duk karatuna. Na fahimci ciwon. A cikin irin wannan na'ura akwai wata 'yar manhaja da ke fara farkawa, masu sana'ar suna ce mata butloda. Aikinta ta tayar da babbar manhaja, wato kanel, wadda ke tafiyar da komai har da karanta faifai. A akwatin Baba, ta farkon tana farkawa lafiya, tana kiran ta biyun, ta biyun kuma ta taso ta yi tuntuɓe ta faɗi a wuri ɗaya kullum. Mutanen dandalin suna da kanel lafiyayye da ya san salon faifan. Matsalar ita ce butlodar kamfanin ba ta karɓar baƙo. Dole sai an goge ta, an rubuta wata a gurbinta.

A ƙarƙashin bayanin an sa gargaɗi da manyan baƙaƙe. Tsakanin gogewa da gama rubutawa akwatin ba shi da abin da zai tashe shi. In wuta ta yanke a wannan tsakani, ya zama bulo, ba zai sake tashi ba.

Na fassara wa Baba wannan da Hausa, a hankali, ban rage komai ba.

"Rubutun zai daɗe?" ya tambaya.

"Ba zai kai tsawon alwala ba, Baba."

"To ni ban san tsawon alwalarku ba. Ta mahaifinka dai sai an kusa tada salla."

'Yar ta yi dariya, ni ma na yi. Sannan ya tambaye ni ko akwai wata hanya. Na ce ban san wata ba. Ya dubi 'yarsa, ta gyaɗa kai, ya ce a yi.

Muka shirya kamar masu shirin tiyata. Na'urar riƙe wuta ta shagon batirinta ya mutu tuntuni, saboda haka janareta muka dogara da shi. Aka canja masa baƙin mai, aka wanke fulogi, aka cika tanki. Taransifomar layin ta ƙone makonni da suka wuce, ba wanda ke sa ran wutar gwamnati, ba kuma wanda ya kawo zancenta. 'Yar ta ce ita za ta tsaya wurin janareta a bayan shago, kada akuya ko mai wucewa ya taɓa wayar. Na naɗe soket da salatif. Baba ya rufe ƙofar gaba don kada mai son hoton fasfo ya shigo, ya tsaya jikin bango kusa da ita, hannuwansa a baya.

Da yamma ne, bayan la'asar, hadari yana haɗuwa ta wajen Gonin Gora. Na karanta umarnin sau da yawa, na gwada kowane harafi da abin da na kwafo. Na yi bisimilla, Baba ya ce amin, na danna.

Kwamfutar ta ce an goge. Sai ɗige-ɗige suka fara jeruwa daga hagu zuwa dama, kowane ɗigo alamar wani yanki ya rubutu. Sun kusa rabin layi sai ihu ya tashi daga ƙarshen titi, ya biyo gidaje yana matsowa.

"An kawo wuta! An kawo wuta!"

Rediyon mai askin da ke maƙwabtaka ya ɓarke da kiɗa. Kowane shago a Kaduna yana da makunni mai hannu a jikin bango, wanda ake ja sama a ɗauki wutar janareta, a ja ƙasa a ɗauki ta gwamnati. Na Baba yana daidai kafaɗarsa. Ban ga lokacin da hannunsa ya tashi ba. Ƙarar kawai na ji, ƙas, fitilar silin ta ɗauke ta dawo.

Kwamfutata ba ta mutu ba, domin tana da batirinta. Ɗige-ɗigen suna nan a tsaye inda suka kai. Na zuba musu ido ina jiran na gaba.

"Mai ya yi tsada, Malam," Baba ya fara cewa, yana juyawa zai leƙa ya ce wa 'yarsa ta kashe janareta. Sai ya ga fuskata. Ya dubi akwatin, ya dubi hannunsa da ke kan makunnin har yanzu. Ya mayar da shi sama da sauri, fitilar ta sake ƙiftawa.

'Yar ta shigo tana goge hannu, tana tambaya ko an gama. Baba ya zauna a kan bencin da ake ɗora masu hoto, bayansa labule mai zanen teku da bishiyar kwakwa.

"Mamarki ce," ya ce da ita. "In aka kawo wuta janareta yana ci, sai ta ƙwala mini kira tun daga tebur. Wai ni ɗan gwamna ne? Har na saba, kafin ta buɗe baki na ja."

Na kashe akwatin na kunna. Fitilarsa ta kama, ta tsaya cak, ba ƙiftawa. Fuskar kwamfutata baƙa ƙirin, ko harafi ɗaya bai fito ba. Na sauya waya, na sauya saurin haɗin, na duba dalma, na sake kunnawa. Ruwan sama ya sauko, ya ɗauke, ina nan ina kunnawa ina kashewa. Na san babu amfani, domin abin da zai yi mini magana shi ne aka goge. Na ci gaba ne kawai saboda suna kallona.

Washegari na koma kafe na rubuta wa mutanen dandalin. Wani ya amsa cewa saura hanya ɗaya, a rubuta kai tsaye cikin ƙwayar ajiyar da ke kan allon da wata waya ta musamman, in an san ƙananan ƙafafunta da za a taɓa. Ya ce in turo hoton allon. Baba ne ya ɗauka. Ya shimfiɗa farin yadi, ya kafa fitilu biyu, ya daɗe yana gyara haske yadda yake yi wa amare. Hoton ya fito tar, har lambobin da ido ba ya gani ana karantawa. Mutumin ya yaba hoton ƙwarai. Sannan ya ce wannan allon sabon samfuri ne, babu wanda ya taɓa bin sawun ƙafafunsa, ya ba ni haƙuri.

Na nemi akwati irinsa in dasa faifan a ciki. Na zaga masu kayan kwamfuta na cikin gari, na aika Kano, ɗan'uwan Baba ya bi kasuwannin Legas. Kowa ya ce a dawo mako mai zuwa.

Ana saura kwanaki kaɗan biki, wata tsohuwa daga zumuntar matan cocinsu ta kawo hoton taro da aka yi musu da daɗewa. Mama tana layin baya, fuskarta ba ta wuce ƙwayar wake ba, ɗaurin ɗankwalin wata ya rufe mata kunci ɗaya. Baba ya kwafe shi, ya yi ta ƙara girmansa a kwamfuta, fuskar tana faɗaɗa tana narkewa, har idanun suka koma tabo biyu. 'Yar ta daɗe tana kallo.

"Baba, bar shi," ta ce. "In na sa wannan, shi zan riƙa tunawa."

An buga takardar biki da sunan Mama kawai, da zanen fure a gefe. Na je bikin tare da mahaifina, muka zauna a rumfar baƙi, aka kawo mana shinkafa da naman da aka ce musamman aka sa Musulmi ya yanka dominmu. Baba ne ya ɗauki hotunan bikin da kansa, ya ƙi bari wani ya karɓe shi.

Bayan wata biyu na sami aiki a Abuja. Kafin in tafi na je yi masa sallama. Ya ciro faifan daga akwatin kamar yadda na ba shi shawara, ya naɗe shi a wani ɗankwalin Mama, ya sa a gwangwanin madara mai murfi, ya ɗora a saman kabad inda yoyo ba ya kaiwa. Muna zaune janareta yana ruri a baya, sai ihun ya sake tasowa daga ƙarshen titi, rediyon mai aski ya kama. Baba ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa. Janareta ya ci gaba da shan mai, Baba bai tashi ya ja makunnin ba.

Can ya ɗaga kai ya dubi gwangwanin.

"Malam, tana nan ciki dai ko?"

"Tana nan, Baba. Ba abin da ya taɓa faifan."

"Har da na koren leshin?"

"Har da shi."

Ya ce to, in na je Abuja in riƙa duba masa shagunan can, ko a dace da akwati irin nasa.