Idon Ishiyaku da Haƙoran Hammadu

Idan ka shiga layin mahauta a kasuwar Rano ka ga wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura tsilli-tsilli a gemu, wanda sai ya karkatar da kai kafin ya dube ka, kar ka ɗauka raini ne. Ishiyaku Na Zurgu ke nan. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama ne ke yin aikin biyu. Kuma kar ka ɓata bakinka wajen taya hantar da ya ware a gefen tebur, ko nawa ka zuba ba zai sallama ba. Wannan rabon ƙanensa ne Hammadu, wanda ke zaune a Durba ta ƙasar Kibiya.

Gidansu a ƙauyen Zurgu gidan fawa ne, dambe kuwa a irin wannan gida gado ne. Ishiyaku ya ɗaura zaren dambe a hannu tun gemu bai tsiro masa ba, kuma Allah ya ba shi hannu. Da kaka ta yi, an gama girbin dawa, sai ya bar wa mutane wuƙa da tebur ya bi kalangu gari-gari, har ya kai ga gidajen dambe na Kano, inda ake biyan mutum ya naushi ɗan'uwansa. Shi ya koya wa Hammadu yadda ake naɗe hannu da yadda ake tarewa da hagu, har makaɗa suka raɗa wa yaron Shagon Ishiyaku, wato almajirinsa a dambe. To Ishiyaku mutum ne mai baki, bakin ma ya fi hannun sauri. In kiɗa ya ratsa shi yakan yi kirari ya ce babu wanda zai raba shi da zare sai ranar da shagonsa ya kai shi ƙasa. Yana faɗa yana dariya, don ya san ƙane ba ya dambe da wansa.

Uwarsu Barira ba ta taɓa kama sunansa ba, don shi ne ɗan fari. Sai dai ta ce "wancan", ko "mai gidan nan". Ba ta tambayarsa ya ya kwana, ba ta kallonsa ido cikin ido, in ya dawo da kumburin fuska sai ta dafa ruwan zafi ta ba matarsa Saude, ta koma ɗaki kamar ba ta gani ba. Kunya ce ta iyaye, kowa ya san ta. Amma Ishiyaku da ya girma a cikinta ya ɗauka ko an karya shi gida biyu ba zai hana tsohuwa barci ba.

Wata shekara wani bahagon yaro ya shammace shi, naushi ya sauka a gefen idon hagu. Kumburi ya sace, gani bai dawo daidai ba. Da farko hazo-hazo, daga baya sai duhu ta gefe. Bai faɗa wa kowa ba, ko Saude. Ya je wani asibiti a Kano a ɓoye, likita ya gaya masa gaskiya: na hagu ya tafi, na dama ma ya taɓu, naushi ɗaya mai nauyi a ka zai iya kashe idon. Ishiyaku ya yi godiya, ya fito, ya wuce kasuwa ya sayi sabon zare. Taurin kai irin nasa ko jakin Zurgu sai ya sara masa.

A kakar da ta biyo baya aka shirya babban damben gasa a Rano, aka ajiye sabon babur ga gwani. An zo da wani Basakkwace da ake kira Taɓarya, wanda ba ya dukan ko'ina sai kai. Aka yi ta fafatawa har saura mutum huɗu. Taɓarya ya zubar da nasa tun turmin farko, wato zagayen farko. Saura biyun kuwa, ikon Allah, Ishiyaku ne da Hammadu. Babu wanda ya damu, don an san yadda ake yi: ƙane ya ɗaga hannun wansa ya janye, wa ya wuce ya gamu da Taɓarya. Ishiyaku har ya fara karkaɗa kafaɗa yana hararar Basakkwacen da ido ɗaya.

Sai ga Hammadu ya shigo fili da hannu a ɗaure.

Kalangu ya yi shiru. Dattawan mahauta suka taso suna ba shi baki, wannan ya ce abin kunya ne, wancan ya ce ko an yi masa asiri ne. Hammadu bai ɗaga kai ba. Ishiyaku ya matso, ransa a ɓace, ya tambaye shi ko babur ne ya rufe masa ido.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji Hammadu. "Yau sai mun yi."

Suka sa zare da la'asar sakaliya, rabin filin na tsine wa ƙanen. Ishiyaku ya shiga da zuciya, ya yi niyyar koya wa yaro hankali. Amma tun turmin farko ya lura da wani abu. Duk ɗan damben da ya san aikinsa, in ya ga mutum na karkata kai, ta gefen duhun zai bi. Hammadu kuwa ya ƙi barin gaban idon dama. In Ishiyaku ya juya, sai Hammadu ya juyo tare da shi, kullum yana inda za a gan shi. Kuma hannunsa bai taɓa wuce kafaɗa ba, haƙarƙari kawai yake nema. Ishiyaku ya ba shi biyu masu kyau a kunne, ya shanye. A turmi na uku numfashin babba ya ƙare, Hammadu ya zuba masa ɗaya a ƙasan haƙarƙari, gwiwa ta taɓa ƙasa. A dambe wannan shi ne kisa, magana ta ƙare.

Ishiyaku ya kwance zarensa a gaban jama'a, don kirarin da ya yi kowa ya ji, kuma ba zai lashe amansa ba. Bai tsaya kallon na ƙarshe ba. Washegari ya ji labari a bakin masu sayen nama: Taɓarya ya sami Hammadu a baki, haƙora huɗu na gaba sun zube, muƙamuƙi ya goce, babur ya tafi Sakkwato. Ishiyaku ya ce alhaki ne, ya ci gaba da sara ƙashi. Ya sani sarai yaron ya kiyaye masa ido a fili, amma zuciya ba ta bar shi ya bi zancen zuwa ƙarshensa ba. Hammadu ya kasa zaman Zurgu saboda gori, ya koma wurin kawunsu a Durba yana noma. Damina ta zo ta wuce ba su gaisa ba.

Saude ce ta gaji. Wata rana da hantsi, tana tankaɗen gari, ta gaya wa Ishiyaku abin da kowa a gidan ya sani ban da shi. Tsohuwa ta gane ciwon idon tun ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Ba ta da bakin yi masa magana, sai ta kira Hammadu ana gobe dambe, ta ce masa in ya bari wancan ya tsaya gaban Basakkwace bai yi mata biyayya ba. Hammadu ya ce mutane za su zage shi. Ta ce zagi ba ya makanta mutum.

Kunya ta kama Ishiyaku, sannan wani daɗi da bai taɓa ji ba, don a ranar ya san uwarsa na kallonsa tun yana yaro, ta gefen ido ne kawai. Ya tashi ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa ya ce, "Inna, na gode." Barira ta juya baya ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Can ta ce wa Saude ta gaya wa wancan hanyar Durba ba ta da nisa.

Da ya isa Durba ya tarar da Hammadu a gona yana yankan masara. Ƙanen ya ajiye adda ya rusuna, ya yi murmushi, giɓin ya bayyana. Ishiyaku ya shirya magana mai tsawo tun daga hanya, da ya ga giɓin nan sai duk ta gudu. Abin da ya iya cewa shi ne naushin da ya zubar da haƙoran nan rabonsa ne, ba na Hammadu ba.

"Haƙori ake sakawa, Yaya," in ji Hammadu. "Ido fa?"

Har yau bai saka ɗin ba, ya ce iska na shiga ta wurin tana sanyaya masa ciki. Ishiyaku kuwa da idon nan ɗaya ya aurar da 'yarsa Bushra, da shi yake zura wa tsohuwa zare a allura, tana karɓa tana kallon bango. In aka tambaye shi damben da ya fi alfahari da shi, yakan ce wanda ya faɗi. Kuma kowace ranar kasuwa, kafin ya sallami kowa, sai ya ware hanta da tsoka mafi laushi ya ba direban motar Kibiya. Yakan tsaya ya yanka ta ƙanana-ƙanana, yadda mai giɓi ba zai sha wahalar tauna ba.